An Ce Mahaifina Yana Wuta, Mai Faɗar Kuwa Duk Gari An San Halinsa

Baba Malam, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni magidanci ne, shekarata 37, ina koyarwa a wata sakandare. Mahaifinmu ya rasu da daminar bara. Shekara 20 da suka wuce ya ƙara aure, ikilisiya ta sa shi ƙarƙashin horo, aka hana shi cin jibin Ubangiji. Ya ci gaba da zuwa sujada yana zama a bencin baya, daga bisani ya daina. Amma ban taɓa ganin ya kwanta bai yi addu'a ba, kuma marayun ƙanensa su uku shi ya riƙe har suka gama makaranta. Ranar jana'iza aka ba wani dattijon ikilisiya dama ya yi magana, sai ya ce a gaban gawa, a gaban mahaifiyata, wai wanda ya mutu a bayan garke ya riga ya zaɓi masaukinsa, kada mu ruɗi kanmu. Fasto yana zaune bai ce uffan ba. Baba, wannan dattijo duk gari an san akwai macen da ya kama wa ɗaki a bayan tasha, har da ɗa tsakaninsu. Amma shi ya sayi kwanon rufin majami'a, shi ke raba jibi ranar Lahadi. Tun ranar ban sake taka majami'a ba, wata tara ke nan. Wani abokina ya turo mini wa'azin wani Bature mai cewa a ƙarshe Allah zai ceci kowa da kowa, wuta ba ta dawwama. Na riƙe wannan hannu bibbiyu, har muna ta cacar baki a zauren WhatsApp na dangi. Mama kuka take, wai ta rasa miji ga shi za ta rasa ɗa. Makon jiya 'yata mai shekara 9 ta tambaye ni ko da gaske Kaka yana wuta, na rasa amsa. Shin koyarwar nan gaskiya ce? Kuma in tona wa dattijon nan asiri a gaban jama'a? Ina da hotuna.

Ɗanka, daga jihar Kaduna

Ɗana, sannu da rashi. Allah ya ta'azantar da kai da Mama da dukan gidan.

Maganar da aka yi a kan gawar mahaifinka ba ta dace ba, kuma ko da mai yin ta mutum ne da ba a taɓa jin kansa da kowa ba, tana nan a kuskurenta. Ka ƙulle abu biyu wuri ɗaya, abin da aka faɗa da halin wanda ya faɗa, shi ya sa wata tara kana juyi ba ka kama bakin zaren ba.

Horon ikilisiya ba hukuncin ranar ƙarshe ba ne. Dattawa suna da ikon cewa wane ba zai matso teburin Ubangiji ba sai ya gyara, amma ikon nan a bakin kabari yake ƙarewa. Duba mutumin Koranti da Manzo Bulus ya ce a fitar daga cikin jama'a, wanda laifinsa ya fi na mahaifinka muni nesa ba kusa ba, tun da matar ubansa ya ɗauka. A 1 Korantiyawa 5:5 Bulus ya faɗi dalilin korar: domin ruhun mutumin ya tsira a ranar Ubangiji. Ko korar ma don ceto aka yi ta. A babi na 4 kuwa ya riga ya ce kada a yanke hukunci tun lokaci bai yi ba, a jira Ubangiji ya zo ya tone abin da ke ɓoye cikin duhu, ya bayyana nufin zukata. Cocin Katolika, da duk yawan dokokinta, takan ambaci sunayen waɗanda ta tabbatar suna sama ta kira su tsarkaka, amma ba ta taɓa fitar da sanarwa a hukumance ta ce wane ɗan wane yana wuta ba. To shi dattijonku, wa ya buɗe masa littafin rai ya duba?

Ba daga kan tudu nake wannan magana ba. A farkon aikina, ina ɗauke da sabuwar takardar makarantar Littafi Mai Tsarki da zafin kai, na taɓa tsayawa a jana'izar wani mashayin burkutu na yi wa'azin da ya fi kama da karanta takardar tuhuma. Na sauka ina jin na yi wa Allah aiki. Bayan shekaru matar marigayin ta gaya mini cewa daren da zai cika ya sa ta rera masa waƙar sujada, yana hawaye yana roƙon gafara. Ban tambaye ta ba kafin in hau bagade. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, da irina ne zai yi masa jana'iza bisa abin da gari ya sani, da wuta zan aika shi, alhali a ranar nan yana Firdausi.

Kada dai ka ɗauka zan ce mahaifinka bai yi komai ba. Ya yi wa mace ɗaya alkawari a gaban Allah, ya karya, kuma wadda ta sha ɗacin abin shekara 20 ita ce ta haife ka. Gaskiya ne ikilisiyoyi sun daɗe suna kokawa da batun mata biyu. Taron bishop-bishop na Angilikan da ake kira taron Lambeth, a Ingila, ya hana yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma a 1888, sai a 1988 aka yarda a yi masa tare da iyalinsa bisa sharuɗɗa, ciki har da kada ya ƙara wata, kuma kada a tilasta masa ya kori ko ɗaya ta shiga wahala. Sai dai wannan sassauci na wanda ya zo ga bangaskiya da matansa ne, bai shafi wanda ya ƙara aure bayan baftisma ba. Saboda haka ban ga laifin dattawan da suka yi masa horo ba. Tambayata gare su daban ce: mutum yana bencin baya har ya ɓace, wa ya bi sawunsa? Makiyayin da ke cikin misalin Yesu barin tumaki 99 ya yi ya tafi neman ɗaya.

Yanzu buɗe kunne da kyau. Ka kawo mini marayu ukun da ya riƙe kamar mai miƙa rasit a gaban alƙali. Aikin kirki ne, Allah ba ya mance irinsa. Amma in ka kafa begenka a kan kuɗin makarantar marayu, ka shiga kasuwa ɗaya da mutumin da yake tsammani kwanon rufi ya saya masa kujera a sama. Ku biyun ciniki kuke, kaya ne kawai suka bambanta. Afisawa 2:8-9 ta tashi kasuwar gaba ɗaya: ta alheri aka cece ku, ta wurin bangaskiya, ba yin kanku ba ne, baiwar Allah ce, don kada kowa ya yi fariya. Abin da aka ba mutum don ya cancanta, sunansa albashi. Alheri shi ne wanda ake ba marar cancanta. Ni abin da ya fi ba ni bege a labarin mahaifinka abubuwa biyu ne da ka ambata a guje, bencin baya da addu'ar dare. A Luka 18 mutum biyu suka shiga Haikali. Bafarisiye ya tsaya yana karanta wa Allah jerin azuminsa da zakkarsa. Mai karɓar haraji kuwa ya tsaya daga nesa, ya kasa ko ɗaga ido sama, yana cewa Allah ya ji tausayinsa shi mai zunubi. Yesu ya ce na nesan ne ya koma gida karɓaɓɓe a wurin Allah. Abin da mahaifinka yake faɗa wa Ubangijinsa da dare, tsakaninsu ne. Amma mutumin da aka hana tebur shekara 20 bai daina durƙusawa ba, ba a yi masa shaidar ya juya wa Allah baya.

Sai wa'azin da abokinka ya turo. Koyarwar ba sabuwa ba ce, kuma ba Turawan yau suka ƙago ta ba, a nan Afirka ta fara yin ƙarfi. Orijin, babban malamin Iskandariya ta Masar, wanda aka haifa wajen shekara ta 185, ya koyar cewa horon Allah na gyara ne, kamar wutar maƙeri mai cire tsatsa, kuma a ƙarshe za a maido da dukan halitta ga Mahaliccinta. Giregori na Nissa, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, ya yi irin wannan magana a ƙarni na 4, har yau kuma ana girmama shi cikin ubannin ikilisiya. Ba da ka suke magana ba. 1 Timoti 2:4 ta ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto. Romawa 11:32 ta ce ya kulle kowa cikin rashin biyayya domin ya yi wa kowa jinƙai. 1 Korantiyawa 15:22 ta ce kamar yadda duka ke mutuwa cikin Adamu, haka za a rayar da duka cikin Almasihu. A ɗaya hannun kuma akwai bakin Yesu da kansa: madawwamin hukunci a Matiyu 25:46, wutar da ba ta mutuwa a Markus 9, babban ramin da ba ya ƙetaruwa tsakanin attajiri da Li'azaru a Luka 16. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya shaida cewa masu wancan ra'ayi suna da yawa a zamaninsa, ya kira su masu taushin zuciya, amma ya ƙi bin su. Hujjarsa ita ce kalma ɗaya ce ta siffanta rai da hukunci a ayar Matiyu, in ɗaya mai ƙarewa ne to ɗayan ma haka. A 543 Sarkin Rum Jastiniyan ya fitar da doka da ta la'anci koyarwar, babban taron ikilisiya na Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, a 553 kuma ya sa sunan Orijin cikin waɗanda aka yi tir da su. Tun daga nan akasarin ikilisiyoyi ba sa koyar da ita.

Ni ga inda na tsaya. Ba zan hau bagade in ce kowa zai tsira tabbas ba, domin gargaɗin Yesu ba wasan yara ba ne, kuma Allah ba ya jan mutum zuwa gidansa da igiya. Amma ba zan hana Kirista fata da addu'ar kada ko ɗaya ya hallaka ba, tun da 2 Bitrus 3:9 ta ce abin da Allah da kansa yake so ke nan. Akwai tazara mai yawa tsakanin "na sani" da "ina bege", Baturen naka ya tsallake ta daga wannan gefe, dattijonku ya tsallake ta daga wancan. An taɓa tambayar Yesu kai tsaye a Luka 13:23 ko kaɗan ne za su sami ceto. Bai ba da lissafi ba, ya ce wa masu sauraro su yi fama su shiga ta ƙunƙuntar ƙofa. Kai kuma ba sai an tabbatar maka da ceton duniya duka ba kafin ka sami barci a kan mutum ɗaya. Tambayar Ibrahim a kan Saduma ta ishe ka: mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba? Kuma Yohanna 5:22 ta ce Uba ya danƙa dukan shari'a a hannun Ɗan. Wanda ya mutu domin mahaifinka, shi ne zai duba shari'arsa.

Zan yi maka tambayar da ba za ka so ba. In kowa da kowa zai shiga, har da dattijon nan ke nan, kuma tebur ɗaya za ku zauna. Yaya zuciyarka ta yi da ka karanta wannan? Ina zargin ba koyarwar ka ƙaunata ba, sanda ce ka tsinta ta dukan wanda ya dake ka. Annabi Yunusa ya yi fushi har yana roƙon mutuwa don Allah ya yafe wa Nineba, ya ce dama ya san shi mai alheri ne mai jinƙai, shi ya sa ya gudu tun farko. Yana son alherin da ya fito da shi daga cikin kifi, ba ya son ya ƙetara zuwa gidan maƙiyinsa. Addu'ar Bafarisiyen nan kuma tana da sauƙin juyawa ta zama "Allah na gode maka ni ba munafuki ba ne kamar dattijon can." Laifi tudu ne, ɗana. Wani matashi ya taɓa rubuta wa Agustin wasiƙa cike da tambayoyin ilimi, ya amsa masa cewa hanyar kaiwa ga gaskiya, ta farko tawali'u ce, ta biyu tawali'u, ta uku ma tawali'u.

Tawali'u kuwa ba ya nufin ka ce baƙi fari ne. In abin da ka faɗa a kan mutumin nan gaskiya ne, munafunci ne tsagwaronsa, Musa a baki Fir'auna a zuci, kuma babu zunubin da Yesu ya ɗaga wa murya kamarsa. Karanta Matiyu 23 ka ji: kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa, masu ɗaura wa mutane kaya masu nauyi su kuwa ko da ɗan yatsa ba sa taɓawa. Kalmar da aka fassara "munafuki" a can, a Helenanci ɗan wasan kwaikwayo take nufi. Ikilisiyar da ta hori wanda ya yi nasa a fili ta miƙa wa wanda ya ɓoye farantin jibi, tana koya wa matasanta cewa zunubi ba komai ba ne, a kama ka ne abin tsoro. In kuɗin rufi ne ya rufe bakin kowa, wasiƙar Yakubu babi na 2 ta riga ta yi maganin mai zoben zinariya da aka ba kujerar gaba. Amma lalacewar mai rabo ba ta lalata abin da ake rabawa. An yi wannan rigima a Arewacin Afirka bayan tsananta wa Kiristoci da aka fara a 303, inda mabiya wani bishop mai suna Donatus suka ce baftismar da shugaba mai laifi ya yi ba ta karɓu ba. Ikilisiya ta tsaya a kan cewa Almasihu ne mai yin baftisma, ko hannun wa ya ara. Kada hannun wani ya raba ka da ƙoƙon da ba nasa ba.

Hotunan nan kada ka watsa su, ko a zauren dangi ko a Facebook. Ka ƙirga waɗanda dutsen zai faɗa wa: matarsa ta aure, 'ya'yansa, macen bayan tashar da ba ka san yadda talauci ko alkawarin ƙarya ya kai ta can ba, da yaron da bai roƙi a haife shi ba. Ga kuma shari'ar ɓata suna da za ka iya jawo wa kanka, kai da kake aikin koyarwa. Bayan haka "duk gari an sani" ba shaida ba ce. 1 Timoti 5:19 ta ce kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, aya ta gaba kuma ta ce wanda ya nace da zunubi a tsawata masa a gaban kowa. Hanyar tana nan, ba a rufe ta ba, jama'a ne ke jin tsoron bin ta.

Ka raba ƙararrakin biyu. Ta jana'iza taka ce, kana da cikakken hakki a kanta. Ɗauki baffanka ko kawunka, wanda ba ya saurin hawa, ku sami fasto a gidansa, ba a ƙofar majami'a bayan sujada ba. Gaya masa abin da maganar ta yi wa gidanku, har da tambayar yarinyar, ka tambaye shi dalilin shirunsa. Mai yiwuwa tsoro ne, fastoci da yawa sun san abincinsu da canjin wurin aikinsu suna rataye a bakin dattawa masu hannu da shuni. Wannan ba uzuri ba ne, amma sanin sa zai sa ka shiga da murya ƙasa. Abin da za ka nema ƙarami ne kuma mai yiwuwa: ya zo gida ya faɗa wa iyalin marigayin da bakinsa cewa ikilisiya ba ta yanke wa matacce hukunci, in da hali dattijon ya biyo shi ya nemi gafara. Ƙara ta biyu, ta zaman da dattijon yake yi, ba kai ne ya fi dacewa ka ɗauke ta ba, domin kowa zai ce ramuwa ce, kuma da ɗan gaskiyarsu. Matiyu 18:15-17 ta ce a fara da ganin mutum shi kaɗai, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Faɗa wa fasto abin da ka gani da idonka, a ɓoye, ka bar shi ya nemi shaidu. In watanni suka wuce an danne maganar, akwai shugabannin da ke sama da shi, a rubuta musu da suna da sa hannu. In duk wannan bai yi ba, ba laifi ka nemi takardar canji ka koma wata majami'a da iyalinka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zaman gida kana cin wa'azi ta waya kai kaɗai, ba mai ganin fuskarka balle ya ce maka ka karkace.

Gardamar zauren dangi kuwa ka dakatar da ita yau. Ba a taɓa warkar da maraici da jifan ayoyi ba.

Je ka wurin Mama, kada ka tafi da hujja. Shekarun da mahaifinka ya raba kwana, ina kyautata zaton majami'ar nan da 'yan Zumuntar Mata ne suka zama mata bango, duk sanda ka zagi coci jikin bangonta kake sara. Tana iya kasancewa tana ɗauke da ƙauna da haushi a kan mutum ɗaya, ba ta da wanda za ta faɗa wa. Tambaye ta yadda kwanakinsa na ƙarshe suka kasance, me ya ce, ko ya nemi ta yafe masa. Wataƙila tana riƙe da irin abin da matar mashayin nan ta riƙe mini. Ranar Lahadi ka kai ta sujada, ko da a bencin baya za ka zauna. Akwai kuma waɗanda ba ka ambata ba ko sau ɗaya a wasiƙarka: amaryar mahaifinka da ƙannenka na ɗakinta. Su ma suna wurin da aka yi maganar, kuma su ta fi soka, domin ji za su yi kamar samuwarsu ce ta kai ubansu wuta. Kai ne babba yanzu. Ka leƙa su da ɗan abin hannu, ka gaya musu abin da za ka gaya wa 'yarka.

Ita kuwa yarinyar, kada ka ba ta Orijin ko Agustin. Zaunar da ita ka ce mata mutumin da ya faɗi haka ya yi kuskure, domin Yesu kaɗai ya san zuciyar kowa. Ka ce mata Kaka ya yi wasu abubuwan da ba daidai ba, kamar yadda Baba ma yake yi, amma yakan yi addu'a kowane dare, kuma yanzu yana hannun Yesu wanda ya fi mu duka ƙaunarsa. In ta ce to ka tabbata yana sama, gaya mata gaskiya: Yesu ne mai faɗar wannan, mu kuma mun amince da shi. Tambayar da za ta biyo baya, ina jin, ita ce me ya sa kai ba ka zuwa coci tare da su. Shirya amsarta kafin Lahadi.